Kwamfutar da Na Haɗa wa Safiyo

Masu karatu, yau ba zan ja ku da doguwar gaisuwa ba, ku dai gyara zama. Wanda yau ya fara cin karo da ni, ga ni a taƙaice: ni ce autar gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, aikina gyaran kwamfuta a shagon Kawu, ƙanin Ummata. Shekara shida ke nan ina riƙe da sukundireba, amma har gobe akwai masu shigowa su gan ni a bayan tebur su ce, "Ina mai gyaran?" Nakan ce ya fita, su kawo in ɗan taɓa kafin ya dawo.

Ranar Talata da hantsi ina bakin ƙofar shago ina busa wa wata tsohuwar kwamfutar ofis ƙura, na naɗe mayafina har hanci, sai wata farar mota ta tsaya. Direba ya buɗe but ya rungumo wani abu lulluɓe da zanen gado. Yana hawowa matakala zanen ya zame ta gefe.

Baƙin akwatin kwamfuta ne mai gilashi a ɓari ɗaya. Ta cikin gilashin na hango wayoyin ciki an ɗaure su da shuɗin maɗauri, an kwantar da su layi-layi, babu wadda ta hau kan wata. Mutum ɗaya na sani da zai ɓata awa biyu a kan jera wayoyi kawai. Ni ce.

Na kashe injin busawar. Kunnena ya ci gaba da ƙara shi kaɗai.

"Ƙanwata, yau ba gaisuwa?"

Anti Nas ce, babbar yayar Safiyo, farin kayan aikinta na leƙowa ta ƙasan abaya. Na sauke mayafi na gaishe ta. Ta riƙe hannuna ta daɗe tana kallona, ta ce na rame. Ta tambayi jikin Baba, na ce da sauƙi sosai, yanzu da sanda yake zagaya gida. Na tambayi Mamansu, ta ce ai dalilin zuwan ke nan. Ƙafa ta matsa wa tsohuwar, za ta koma wajen Antin da zama, gidan kuma za a saka 'yan haya, ana ta kwashe kaya.

"Jiya muka shiga ɗakinsa," in ji ta. "Na kira shi na ce wannan akwatin fa? Ya ce a kai shago a sayar."

Ban tambayi lafiyarsa ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Kawu ya fito daga ciki, tabarau a ƙarshen hanci. Ya gaisa da Anti, ya kalli akwatin, sannan ya ce da ni, "Auta, duba ta ki faɗa min gaskiyarta, sai mu yi mata kuɗi." Yana maganar yana kallon silin. A nan na san shi ma ya gane ta.

Bari in koma da ku baya kaɗan, don ku san abin da aka ajiye min a kan tebur.

Shekara huɗu da suka wuce wani dogon mutum ya shigo shagon nan da takarda mai ƙananan layuka irin ta masu zane, ya jera kayan da yake so a haɗa masa kwamfutar gem, wato ta wasanni. Ma'aikacin awon ƙasa ne, shi ya sa kowa ke ce masa Safiyo. Bai tambayi mai gyara ba. Ni ya miƙo wa takardar ya ce, "Injiniya, duba min ko na yi shirme." Na duba na ce rabi shirme ne. Ya jawo kujera ya ce to a fara da rabin farko.

Sati uku ana jiran kaya su iso ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne ya iso sai ya zo ya gani da idonsa kamar ba shi da wurin aiki. Ranar da na gama haɗawa na danna maɓalli ta tashi, shi yana kallon sikirin, ni kuma na kama kaina ina kallonsa.

Daga nan kwamfutar ta shiga lalacewa duk sati. Ya kira ya ce tana wata ƙara. In ce wace iri, ya kwaikwaya min da baki. Gem ɗin tseren mota muke yi, shi daga gida, ni daga shago a kan duk kwamfutar da na gyara, da sunan gwaji. Sau ɗaya ya taɓa cinye ni, shi ma kwastoma ne ya shigo.

Iyaye sun sani, har an fara magana. Sai abu biyu suka faɗo a wata ɗaya. Aka ba shi aiki a wani babban ginin dam, tafiyar kwana biyu a mota, kwangilar shekara biyar. Baba kuma ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yayyena mata suna gidajensu da yara, namijin cikinmu yana wata ƙasa. Safiyo ya ce a yi auren mu tafi tare. Na ce ba yanzu ba. Ya ce ya gane, in dai faɗa masa yaushe. Ya tafi. Wata shida yana tambaya a hankali, ni kuma ina juya Baba a gado, ina wankin zannuwa, ba ni da amsa. Saƙonsa na ƙarshe na ce zan mayar in na samu abin faɗa. Sati ya zama wata. Da Baba ya fara miƙewa kuma sai kunya ta rufe ni. Me zan ce wa mutum bayan wannan dogon shiru? Shekara biyu ke nan.

Ba faɗa muka yi ba, ku gane. Ba wanda ya ci amanar wani. Halina ne: in tambaya ta yi min nauyi sai in ajiye ta in ce gobe.

Da Anti ta tafi na ɗora akwatin a teburina na cire gilashin. Ƙura kaɗan ce, zanen gadon ya yi aikinsa. Ban ga alamar hannun kowa a ciki ba, kowace ƙusa tana yadda na ɗaure ta. Na jona wuta. Fankoki uku suka juya, ta gaba tana ɗan kukan tsufa. Sikirin ya kawo haske, sai ga hoton da ya saka a shafin shiga: kayan kwamfutar ne baje a kan wannan teburin ranar da za a haɗa su, kowanne a cikin ledarsa. Can gefen hoton akwai hannu riƙe da sukundireba, da zoben azurfa a ƙaramin yatsa. Na kalli hannuna. Zoben yana nan.

Na tashi na je na sha ruwa, alhali ba ƙishi nake ji ba.

Ba na shiga kayan mutane, doka ce a shagonmu, don haka na tayar da ita da filashina na yi gwaje-gwajena. Awa biyu na matsa mata aiki ina kallon zafinta. Kawu ya zo ya tsaya a bayana da kofin shayi.

"Yaya?"

"Lafiyarta ƙalau. Fanka ɗaya za a sauya. Katin hoton bai gaji ba."

Katin hoto, ga waɗanda ba 'yan harkar ba, shi ne ke zana duk abin da ido ke gani a gem. Shi ne tsadar kwamfuta, shi ne kuma yake fara tsufa.

Kawu ya kurɓi shayi ya faɗi kuɗin da za a yi mata. Sannan ya ce, kamar da bango yake magana, "Abin da kika tara ya isa, har da canji."

A nan ne zancen ya taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni da na haɗa wa mutane kwamfutar da ba zan iya ƙirgawa ba, ban taɓa mallakar tawa ba. A ɗakina akwai tebur a jikin taga, da kujera, har sikirin na saya tun bara na lulluɓe shi da ɗankwali. Ƙasan teburin ne fayau. Umma ta mayar da saman wurin ajiye kayan guga. Ina da jerin kayan da nake so a wayata, na gyara shi ya fi sau ashirin, amma duk lokacin da na kusa kamo kuɗin katin sai ya ƙara gaba. Yanzu haka kashi biyu cikin uku nake da shi.

Na ce, "Kawu, shekararta huɗu fa. Gem ɗin yanzu za ta ja su, amma nan da shekara biyu za ta fara haki. Ga shi ba garanti. In katin ya mutu gobe, ni da kuɗina sai kallo."

"Gaskiya ne. Amma ta hannu da ta hannu akwai bambanci. Wannan kin san asalinta. Ba daga gidan gem ta fito ba inda ake kunna ta tun safe har a rufe. Da wani ne ya tambaye ki, me za ki ce masa?"

"Zan tambaye shi ko yana da haƙurin wata shida. In yana da shi, ya haɗa sabuwa. In ba shi da shi, ya ɗauki wannan ya gode wa Allah."

"To ke kina da shi?"

Na ce zan yi tunani. Ya ɗaga kofinsa ya koma ciki.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Na sami Umma a ɗakina tana ninke kaya a kan teburin nan nawa.

"Kawunki ya kira ni," ta ce, ba ta ɗago ba. "Wai kayan yaron nan aka kawo."

"Sayarwa za a yi, Umma."

"Kuma ke za ki saya ki kawo min cikin gida ki zauna kina kallo."

"Ban ce ba."

"Ba sai kin ce ba, ni na haife ki. Je ki watsa ruwa ki sauya wannan rigar mai ƙura, Likita ya ce zai shigo bayan la'asar."

Likitan Umma ba likita ba ne, mai kemis ne a bakin titinmu. Ta dalilin magungunan Baba muka san shi. Lokacin da abin ya yi tsanani da kansa yake kawowa har gida, in wani magani ya yanke a gari shi zai nemo shi ko daga ina. Wata takwas ke nan yana zuwa wajena. Mutum ne mai sanyi, rigarsa kullum a goge, ba ya katse mutum in yana magana. Ban taɓa samun abin da zan kushe masa ba, kuma wallahi na nema.

Na saka doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ban shafa komai ba sai kwalli. Na same shi a falo ya ajiye wa Baba ledar lemu, yana zaune a bakin kujera kamar kullum, kamar wanda ke tsoron ya ɓata ta.

Bayan gaisuwa ya ce, "Umma ta ce kina neman kwamfuta."

Na ce a raina, Umma ba ta ɓata lokaci.

Ya ciro waya ya nuna min hoto. Fara ce sol, a wani babban kanti, fitilu kala-kala suna zagaye fankokinta, kwalinta a gefe. "Na biya ta can ɗazu. Sun ce ta gem ce, sabuwa fil, garantin shekara biyu. Ki bari in saya miki."

Na karɓi wayar na buɗe hoton takardar da ke jikinta. Katin ba laifi. Amma irin waɗannan na kwali na san su: a waje ado, a ciki kuma inda mai saye ba ya dubawa nan ake tsuke hannu. Na shiga yi masa bayani, cewa akwatin wutar da ke ciki ƙarami ne, in na so ƙara kati nan gaba ba zai ɗauka ba, kuma da wannan kuɗin zan haɗa wadda ta fi ta. Ya saurara har na gama, yana gyaɗa kai. Na tabbata bai gane ko rabi ba.

"Ni dai abin da na sani," ya ce, "ko magani in ya kusa ƙarewa ba na sayar wa mutum. Ba na so ki saka kuɗinki a tsohon abu ya ba ki kunya. Kin wahala da yawa, Auta. Ki bari wani ya ɗauke miki ko abu ɗaya ne."

Masu karatu, da ya yi min gadara da na san yadda zan yi da shi. Amma wannan fa? Na san in na karɓi farar kwamfutar nan, ba kwamfuta kaɗai na karɓa ba, kuma shi ma ya sani. Abin da ya kamata in ce shi ne a'a, ko in ce to. Sai na ji bakina ya ce, "Bari in yi tunani."

Ya yi murmushi ya ce ba gaggawa.

Da ya tafi Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Tunani. Ke komai tunani. Wata takwas bawan Allah yana sintiri, ko kujerar falon nan ta san shi. Wancan da kike ajiye wa zuciya, ya aiko miki ko da gaisuwa? Kayansa ma sayarwa yake, Auta. Mai niyyar dawowa ba ya sayar da kaya."

Maganar ta shige ni. Baba yana kujerarsa a bakin ƙofa, sanda a tsakanin gwiwoyi. Tun ciwon nan maganarsa a hankali take fita, sai an jira ta. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya, Umma ta yi shiru.

"Auta," ya ce. "Ni na warke. Duk wanda za ki zaɓa, ki zaɓa. Amma kar ki ƙara fakewa da ni."

Na shige ɗaki na zauna a kujerar teburin da ba kwamfuta, na daɗe ina kallon ɗankwalin da ke kan sikirin.

Laraba da safe wani mai gidan gem ya shigo neman linzamin kwamfuta, wani kakkauran mutum mai tarin makullai a ƙugu. Idonsa ya faɗa kan akwatin. Ya zagaya shi, ya leƙa ta gilashi, ya tambayi kuɗi. Ko tayi bai yi ba ya ce a naɗe masa. Kawu ya ce akwai wanda ya riga shi magana, ya dawo gobe da azahar, in ba a ɗauka ba tasa ce. Da mutumin ya fita Kawu ya ce, "Kin ji. Gobe da azahar."

Ko ni ko shi, dole a goge abin da ke ciki kafin ta bar shago, kuma ba ma gogewa sai da izinin mai ita. Anti ta bar lambarsa a takarda. Kallo ɗaya ya ishe ni, ba ta sauya ba. Na ɗauki wayar shago, ba tawa ba, na rubuta na goge sau huɗu.

"Salamu alaikum. Daga shagon gyaran kwamfuta ne. Za a goge abin da ke cikin kwamfutarka kafin a sayar. Akwai abin da kake so a cire maka?"

Na kife wayar na kama wani aiki. Ko minti biyar ba a yi ba ta yi ƙara.

"Wa alaikumus salam. Kawu ne?"

"Shago ne."

"Shago ya iya rubutu yanzu. A goge komai, na kwashe abin da nake so tuntuni."

Komai. Na karanta kalmar nan har ta daina kama da kalma. Na daure na ci gaba da aikina.

"Ta taɓa yin zafi ta mutu da kanta?"

"Ba ta taɓa ba. Wadda ta haɗa ta ta san aikinta."

"Tun yaushe take ajiye?"

"Tun da na tafi. Sau ɗaya na kunna ta bara da na zo duba Mama. Ban yi minti goma ba na kashe. An samu mai saye ne?"

"Akwai wata da take dubawa."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Ta san kan kwamfuta?"

"Kaɗan."

"To shago ya gaya mata gaskiya. Katin ya tsufa. In har za ta iya haɗa sabuwa, kar ta sayi wannan."

"Kuɗinta bai kai ba."

"Ta jira ya kai. Jira ba ya kashe mutum, na gwada."

Na ajiye wayar a hankali kamar mai zafi. Wata mata ta shigo da kwamfutar ɗanta da shayi ya zube a kai, na karɓa na rubuta mata takarda, kuma har ta fita ban san me na rubuta ba.

Yinin ranar na yi shi ina auna abu ɗaya. In na bi ta sana'a, amsar a fili take, shi ma ya faɗa: in ƙara wata shida in haɗa wadda za ta kai ni shekara biyar ko shida, da garanti a kan kowane ɓangare. In na bi ta aljihu, wannan ce, yau ɗin nan in ɗora ta a tebur in huta. Amma akwai tambayar da ba ta cikin jerin da ke wayata. In na kai ta ɗakina, gem zan yi da ita? Na hango kaina na dawo daga aiki na kunna ta, fankar gaba tana kukanta, ni kuma ina zaune ina sauraro, ina tuna muryar da take kwaikwayon ƙara ta waya. Umma ba ta yi ƙarya ba. Kallonta zan dinga yi. Kuma mai ita ya ce a goge komai, ya ce kar in saya. Ni a fahimtata, mutum ba ya rufe ƙofa da ladabin da ya fi wannan.

Alhamis da safe na ce wa Kawu a ba mai gidan gem.

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Kin tabbata?"

"Zan haɗa tawa."

Na sauya fankar gaba da sabuwa, na sake shafa wa furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, man sanyaya, na goge gilashin ciki da waje. Sannan na danna gogewa. Layin ya fara tafiya daga hagu zuwa dama, ni kuma na tsaya a kansa har ya cika, ko zama ban yi ba. Da ta sake tashi, shuɗin shafi ne kawai irin na kowace kwamfuta.

Da azahar mai gidan gem ya zo. Na ce masa ya dinga busa mata ƙura duk wata, kar ya manna ta da bango, kar ya bari a ci abinci a kusa da ita. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, kwamfuta na saya ko 'ya na ɗauko riƙo?" Ya saɓa ta a kafaɗa kamar buhu, makullansa suna kaɗawa, ya sauka matakala. Na ninke zanen gadon na saka a leda don a mayar wa Anti.

Kafin a tashi na yi odar akwati, fanko, baƙi, marar gilashi. Shi ne abu mafi araha a jerin, amma dai na fara.

Na dawo gida wajen biyar, na cire takalmi ke nan na zauna a bakin gado, wayata ta yi ƙara. Tawa, ba ta shago ba. Sunan da ya fito shekara biyu rabon da in gan shi a saman sikirin.

"Injiniya. Anti ta ce an sayar. Ke ce?"

Na rubuta, "A'a. Wani mai gidan gem ne. Ka ce kar ta saya."

"Na faɗa. Shago ya tambaye ni gaskiya, na ba shi."

Sannan wani saƙon ya shigo.

"Tsakanin gidanmu da shagonku akwai masu sayen kwamfuta sun fi goma. Anti ta yi ta mita a kan man mota. Na ce mata ko nan ko a bar ta ta ruɓe a ɗaki."

Na karanta, na sake karantawa. Na ɗora wayar a cinya na rufe fuskata da mayafi. Kwana uku ina auna kati da fanka da garanti, ashe mutumin nan sallama ya aiko yana jiran a amsa, ni kuma na goge ta fes na saɓa wa wani a kafaɗa.

Na rubuta, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ni na yi tambaya ta ƙarshe. Ban ga kamar ni ya kamata in sake magana ba."

Gaskiyarsa ce. Ina kallon wurin rubutu, tsohon halina yana raɗa min in bari sai gobe, sai ga wani saƙon.

"Asabar zan shigo, zan taya su kwashe Mama. Kwana biyu kawai zan yi a gari. Na ce wa Anti kar ta karɓi kuɗin, zan zo da kaina."

Wannan karon ban ajiye ba. Na rubuta, "Ƙarfe tara muke buɗewa," na tura kafin zuciyata ta hana ni.

Ko sauke numfashi ban gama ba na ji ƙarar mota a ƙofar gida, sannan muryar Umma daga tsakar gida, cike da fara'ar da na daɗe ban ji ba.

"Auta, fito ki kama wa Likita ƙofa."

Na ɗaga labule. Ya buɗe but, ya naɗe hannun gogaggiyar rigarsa, yana ciro ƙaton farin kwalin kwamfutar da ya nuna min a waya a hankali, ya manna shi da ƙirji kamar jariri. Baba yana tsaye ya tokare ƙyauren da sandarsa. Mai kemis ya ɗago, ya hango ni a taga, ya yi min murmushi ta saman kwalin.

Wayar da ke hannuna ta sake yin ƙara.